Wane edita ne zai raba mini allo biyu, Larabci gefe Hausa gefe?

ɗan_nima

Assalamu alaikum jama'a. Masu harkar kwamfuta don Allah ku ba ni shawara. Ni nake buga wa makarantarmu takardun karatu a nan unguwar Nima a Accra, malam zai ba ni nassin Larabci da fassarar Hausa da ya yi in haɗa su, wani lokaci har da Turanci saboda yaran da ke zuwa boko da safe sun fi gane shi. Yanzu da Notepad ɗin da ya zo da Windows nake aiki, Larabci a tab ɗaya Hausa a wani, sai in ta tsalle tsakaninsu, kuma kun san nassi ba abin wasa ba ne, layi ɗaya ya goce ma'ana ta tafi. Na jera windo biyu da maɓallin Windows da kibiya, ya ɗan yi sauƙi amma in na gangara a hagu na dama yana nan tsaye sai na koma na ja shi da hannu.

Abin da nake so shi ne windo ɗaya a raba shi biyu, in na gangara su tafi tare. Laptop ɗin tsohuwa ce, a Circle na saye ta hannu na biyu, RAM 4 gig ne kuma batirin ya mutu, in aka ɗauke wuta ita ma ta tafi. In kuma babu irin wannan, ta yaya ake roƙon masu yin manhajar su ƙara? suna ma karanta saƙon irinmu kuwa?

baba_aboabo

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ba sai ka roƙi kowa ba, abin yana nan tun da daɗewa. Sauke Notepad++, kyauta ne, wani mai suna Don Ho ya fara shi tun 2003 kuma ba ya da nauyi ko kaɗan, laptop ɗinka za ta ɗauka ba wahala. Buɗe fayilolin biyu, danna dama a kan tab ɗin ɗaya ka nemi Move to Other View, nan take allon zai rabu. Sai ka shiga View ka kunna Synchronize Vertical Scrolling, shikenan za su riƙa gangara tare. In kuma fayil ɗaya ne kake so ka ga samansa da ƙasansa lokaci guda, Clone to Other View za ka zaɓa, duk abin da ka gyara a nan zai fito a can.

Abu biyu kar ka manta. Ka bar Encoding a UTF-8 don kar ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya, na Larabcin kuma akwai Text Direction RTL, mai sa rubutu ya fara daga dama, a cikin View ɗin. Maganar wuta kuwa, yana ajiye kwafin abin da ba ka yi sebin ba duk bayan sakan 7, ko dumso, wato ɗauke wuta, ya zo kana kunnawa za ka tarar da aikinka. Iyakarsa dai gida biyu ne, ba ya yin uku.

hajiya_madina

Baba Aboabo duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ni a wannan aikin ban goyi bayan edita ba sam. Aikin buga takardu nake yi a shago kusa da kasuwar Madina, katin aure ne, na suna ne, addu'o'in da ake rabawa a wurin sadakar arba'in ne, duk suna zuwa da Larabci da fassara. Ɗana ka lura da abu ɗaya, gangarawa tare layi take ƙirgawa ba ma'ana ba. Jimlar da Larabci zai gama a layi ɗaya Hausa sai ta ci biyu ko uku, to kafin ka kai shafi na uku hagu yana hadisi na biyar dama yana na huɗu, ka koma gidan jiya.

Abin da nake yi, in buɗe Word in saka tebur mai gida biyu, kowane nassi da fassararsa a jere ɗaya, gidan dama in juya shi ya fara daga dama. Ko Hausar ta yi tsawo yaya, jeren ne zai buɗe, ba za su taɓa rabuwa ba. In na gama sai in ɓoye layukan teburin in buga, ba wanda zai san tebur ne. Kuma wasali da shadda sun fi zama daidai a can, ka iya ƙara wa Larabcin girma shi kaɗai saboda tsofaffi masu matsalar ido, abin da edita ba zai ba ka ba tunda ba ya ajiye girman rubutu a fayil. Ai daga ƙarshe takarda za ka miƙa wa yara ko? Word ɗin ma yana da View Side by Side in fayil biyu kake so ka gwada da juna. In ba ka da shi LibreOffice kyauta ne, teburin duk ɗaya.

injiniya_asawase

Hajiya ta kama bakin zaren wallahi. Wanda ya dage sai edita, dabarar ita ce kowace jimla layinta daban a kashe Word wrap mai naɗe dogon layi zuwa ƙasa, to lambar layi za ta zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Ban ce ka sa editan VS Code ba duk da Ctrl da \ kawai ake dannawa ya rabu har fiye da gida biyu, yana da cin RAM, a 4 gig in ka buɗe burauza tare za ka ji a jikinka.

Amma ni tambayarka ta biyu ce ta tsaya mini a rai, wai suna karantawa kuwa. Suna karantawa yaya, sai dai haƙuri ake yi ba kaɗan ba. Dubi VS Code, Microsoft ce fa da kuɗinta da ma'aikatanta, tun 2016 mutane ke roƙon a bari su ciro tab ya zama windo mai zaman kansa saboda masu allo biyu, sai ƙarshen 2023 abin ya fito. Wannan gangarawa taren ma da kake nema sai 2024 suka saka ta. Tsarinsu a GitHub, shafin da ake kai musu buƙatu, shi ne in ka kai buƙata suka ga ba su yanke shawara ba, za su ba ta kwana 60, in ta samu mutum 20 da suka danna babban yatsa ta shiga layin jira, in ba ta samu ba a rufe. Shiga layin ma ba alkawari ba ne. To ina ga manhajar da mutum ɗaya ko 'yan sa-kai ke riƙe da ita bayan sun tashi daga aikinsu na abinci.

Shi ya sa yadda ka rubuta yake da muhimmanci. Ka fara bincika ko wani ya riga ka, in ya riga ka danna yatsan kawai, kar ka buɗe sabo kar kuma ka rubuta ni ma ina so, wannan cika musu akwati yake yi. In kai ne na farko, buƙata ɗaya a saƙo ɗaya, ka faɗi aikin da kake yi kamar yadda ka faɗa mana nan, ka sa hoton allo, ka faɗi lambar fitowar manhajar da irin Windows ɗinka, ka manna layi biyu na Larabcin don mai gyara ya gwada da kansa, galibinsu ba su da kibod ɗin Larabci balle su san yadda matsalar take.

Kuma wannan ne yake damuna da mu. Masu rubuta Larabci da Hausa da ajami a fayil ɗaya muna da yawa daga Kumasi har Kano, amma a can wuraren shiru kake ji, sai a guruf ɗin WhatsApp muke ƙorafi inda mai gyara ba zai taɓa gani ba. Mutum 20 fa, zaure ɗaya a Aboabo bayan la'asar ya fi haka.

ɗan_nima

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Baba na sa Notepad++ ya rabu kamar yadda ka ce, kuma Hajiya maganarki ta fito, da na kai tsakiya suka goce. Zan riƙa tantance nassi a editan jimla-jimla, bugawa kuma in koma tebur. Injiniya in na samu buƙatar da ta shafi Larabci a GitHub zan kawo ta nan a taya mu dannawa, amma sai mutum ya biya kafin ya buɗe akawun?

injiniya_asawase

A'a kyauta ne, imel kawai suke so. Ka kawo, zan duba maka Turancin kafin ka tura in sabuwa ce.