Tun da aka ƙara kuɗin data, yaya kuke yi da karatu da 'yar sana'a?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Salamu alaikum 'yan'uwa ɗalibai. Ni da can ba ruwana da labarin kasuwanci. Da rediyo ya kai kan farashin dala sai in murɗa. Ko ranar 20 ga Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100, na gani na wuce abina. Sai da na je sayen datar da na saba na ga abin ya iso aljihuna. N3,000 da Baba ke ɗora mini kan kuɗin abinci da tana kai ni ƙarshen wata, yanzu wata bai yi kwana ashirin ba take cewa ga garinku nan. Ga shi komai na ajinmu a WhatsApp yake, daga handawut har sanarwar gwaji. Makon jiya na kashe data tun magariba wai ina tattali. Da safe na hau mashin har makaranta, na tarar da kujeru kawai, ashe an ɗage laccar tun ƙarfe tara na dare. Kuɗin mashin ya fi datar da na tattala. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi, ko na samu dabara.

'Yar Argungu:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai karatu kawai kake yi da ita, mu jari ce. Atamfa da turaren wuta nake sayarwa a sitatus, da su nake biyan kuɗin hostel. Hajiya ɗaya ta ce in turo mata bidiyon atamfa kala shida, kowace a rana, wai hasken ɗaki yana ɓoye kala. Na fita tsakar gida na shanya su a igiya, na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, na tura. Ta kalla ta ce, "Masha Allah, bari maigida ya dawo." Har yau maigida bai dawo ba.
Yanzu sau ɗaya nake ɗaukar hoton kaya in jera su da farashi, mai son bidiyo sai ta fara zaɓar biyu. Ga kuma N50 ɗin nan da aka soma cirewa a Disambar 2024 a manhajojin kuɗi irin su OPay da Moniepoint in kuɗi ya kai N10,000. Lokacin har raba kuɗi gida biyu nake sa a yi mini. Wani zai ce hamsin ce kawai, amma wanda ribarsa a turmi ba ta wuce ɗari biyar ba ya san hamsin.

Mai Karatun Tattali, Birnin Kebbi:
Zan faɗi abin da ba za ku so ji ba. Ni ma abin ya cije ni, amma mun yi wannan muhawara a aji, kuma ni aka ba ɓangaren kamfanoni, dole na je na karanta. Kashi 100 suka nema, aka ba su rabi, kuma tsarin farashin da ake kai kafin ƙarin tun na 2013 ne. Ku duba abin da ya faru a tsakani. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen N460 a farashin gwamnati ta haura N1,500 a 2024. Ƙarfen sabis ɗin da kuke gani a bayan gari da janareta yake kwana, man gas yake sha, kayan gyaransa kuma da dala ake shigo da su. MTN ta Najeriya, da duk girmanta, asarar kusan naira biliyan 400 ta bayyana a 2024, kuma faɗuwar naira ce babban dalili.
Inda na sha kaye a muhawarar shi ne da wata ta tambaye ni, "To kuɗin da mahaifinka ke turo maka, shi ma an ƙara masa kashi 50?" Na yi shiru, aji ya ɗau shewa.

Na Ƙaura:
Malam mai tattali, mun ji bayani, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni wanga ƙari bai ba ni tsoro kamar rashin sabis ɗin gaba ɗai ba. Ku na Kebbi ba ku ɗanɗana abin da munka gani a Satumbar 2021 ba, sadda anka rufe layukan waya na Zamfara duka saboda matsalar tsaro. Ina shekarar farko lokacin. Waya ta koma tocila da rediyo. In kana son aika saƙo, tasha za ka ka ba direba takarda, kamar zamanin kakanni. Akwai fom ɗin da wa'adinsa ya kusa cika, sai da na bi mota har Zariya kafin na cika shi, na kwana shagon wani ɗan garinmu. Da sabis ya shigo wayar a hanya, saƙonni sunka riƙa zubowa har ta ɗau zafi.
Abin da ke ci mini rai yanzu, an ce in an ƙara kuɗi aiki zai gyaru. In na je ƙauyenmu hutu, har yau sai na hau tudun bayan makarantar firamare nake samun sanda biyu. Wani lokaci kwana uku ƙarfen na kashe, a ce mai kawo man gas ya ƙi biyo hanyar. Datar wata kuwa ba ta jiran kowa, kwananta na cika ta tafi.

Mai Karatun Tattali, Birnin Kebbi:
Wannan kam ba ni da amsarsa, Na Ƙaura. Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Injiniyar Gobe, Aliero:
Amin. Ni kwamfuta nake karanta, rabin abin da na iya a YouTube na koya, don haka barin data bai taso ba. Mu biyar a ɗaki muka yi karo-karo muka sayi ƙaramar na'urar wayafai, muna zuba mata babban kunshi na wata, ya fi sauƙi kan kowa ta sayi nata ƙanana. Watan farko kwana goma sha ɗaya ta yi. Aka zauna shari'a bayan isha'i, kowa na rantsuwa ita karatu kawai take yi. Na buɗe shafin na'urar na nuna musu abin da kowace waya ta sha. Sai ga wayar da ba ta ɗakinmu ba a sahun gaba! Ashe wata ta ba ƙawarta ta ɗakin kusa lambar sirri, ita kuma tana kwana kallon TikTok ta bango. Ba a yi faɗa ba, amma an yi kwana biyu ana gaisuwa sama-sama.
Ɗan Tudun Wada, kada ka ƙara kashe data gaba ɗaya, rubutu ba ya cin komai. Shiga saitin WhatsApp ka hana hoto da bidiyo sauka da kansu, ka hana manhajoji sabunta kansu. Bidiyon darasi ka rage ingancin hotonsa zuwa 360, allo yana karantuwa. Mutum ɗaya ya sauke da datar dare, saura su karɓa ta Xender.

Malam Na Yawuri:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Ina koyarwa a firamare, ina kuma karatun ƙarin digiri lokacin hutu. Ni ƙaramar waya na fi riƙewa, da lambobin banki da ake dannawa a waya (USSD) nake tura kuɗi. Tun tsakiyar 2025 aka koma cire N6.98 na wannan hidima daga katin waya maimakon asusu. Ban ji sanarwar ba. Ranar na tsaya gaban mai shinkafa, ga kuɗi a asusu, ga buhu an ɗaure a mashin, amma ba ko sisi a layin, tura kuɗi ya gagara. Yaron shagon ne ya ranta mini katin ɗari. Tun ranar, in ana labarin kasuwanci a rediyo, yara sun san ba a yi mini surutu.

'Yar Argungu:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma, wallahi ka ba ni dariya. Injiniya, nawa kuka sayi na'urar, kuma tana riƙe caji in an ɗauke wuta?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Na gode ƙwarai. Na gyara saitin tun jiya, ashe bidiyon wa'azi da na barkwanci da ake turowa zauren danginmu ne ke cinye ni, ba handawut ba. Mun kuma yi magana da shugaban ajinmu, kowa zai ba da N100, in an ɗage lacca ya tura tes ga waɗanda ke zuwa daga nesa, tunda shi ma tes ɗin ya tashi daga N4 zuwa N6. Mutum goma sha huɗu sun biya, saura sun ce sai alawus ɗin NELFUND, wato asusun lamunin ɗalibai, ya shigo. Injiniya, ni ma ina jiran amsar farashin nan.