Ina karɓo kuɗin rance a ƙauyukan Illela ni kaɗai, yaya zan tsare kaina?

Ƴar Ader:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na kama aiki a wata ma'aikatar ba da ƙananan rance a nan Tahoua. Duk mako nakan fita ƙauyukan da ke tsakanin Badagishiri da Illela in karɓo biyan bashi wurin ƙungiyoyin mata. Wani zubin sai in tara jikka ɗari huɗu, in ɗaure a zane, in hau kabu-kabu.

Makon jiya mun baro ƙauye bayan la'asar, sai wasu mutum biyu a kan moto suka biyo mu. Mu rage gudu su rage, mu ƙara su ƙara, har sai da muka hau kwalta sannan suka juya. Ba su taɓa ni ba, amma har yau hankalina bai kwanta ba. Na gaya wa shugabana a biro, ya ce in yi ta addu'a. Ina yi. Aikin ne nake riƙe mahaifiyata da shi, ba na son in bari. Waɗanda suka saba aikin karkara, ku ba ni shawara.

Tsohon Direba:
Wa'alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ƙara tsarewa. Shekara ashirin na yi ina tuƙa ma'aikata a hanyoyin Keita, Bouza da Abalak. Matsalarki ita ce an san ranarki, an san lokacinki, an kuma san abin da ke cikin zanen. Matan da ke biyanki ba da mugun nufi suke faɗa ba, hira ce a bakin rijiya, amma tana isa kunnen da bai kamata ba. Ki riƙa sauya rana da hanya, ranar ma ki sanar da shugabar ƙungiya kaɗai, da safen nan. Kuma azahar ta same ki a kan kwalta. Aikin da bai ƙare ba ya kwana.

Mai kabu-kabun ma ya zama mutum ɗaya wanda kika san gidansu, ba wanda kika tsinta a tasha ba.

Maman Iro:
Ƙanwata, amsar shugabanki ce ta fi ɓata mini rai. Mu masu allurar rigakafi ba ma fita sai mu biyu, da takardar aiki mai hatimi, kuma da mun sauka gidan maigari muke fara gaisuwa. Tun abin da ya faru a Kouré, kusa da Yamai, ranar 9 ga Agusta 2020, inda aka kashe mutum 8, har da ma'aikatan agaji 6 ƴan Faransa, a wurin da kowa ke ɗauka lafiya lau ne, ma'aikatu da dama suka sake tsarin fitarsu. Ki rubuta abin da ya same ki, da rana da wuri, ki miƙa a biro ki riƙe kwafi. Ki kuma sanar da jandarmomin Illela, don gobe wata ce za ta bi hanyar.

Ɗan Konni:
Me ya sa kuɗin za su yi tafiya tare da ke har Tahoua? Ki nemi izini ki riƙa zuba su a wurin aika kuɗi na Nita ko Al Izza a gari mafi kusa, ki dawo da rasit kawai, kuma mutane su san haka kike yi. Ki riƙe layi biyu a waya, misali Airtel da Zamani, don a kwari wani na ɗaukewa. In kuwa an tare ki, ki miƙa, kada ki ja.

Ƴar Ader:
Na gode ƙwarai. Baba, gaskiyarka, rana ɗaya nake zuwa tun da na fara. Yaya, na rubuta takardar daren nan, gobe da safe zan kai, kuma zan roƙi a haɗa ni da abokin aikina mai zuwa Illela.