Tambaya kan jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gari

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Alƙahira ya ce kullum jirgin ƙarƙashin ƙasa yake hawa zuwa makaranta. Ina aka fara wannan, kuma me zai hana a yi shi a Njamena?

Malamin Marwa: Wa alaikumus salam. A Landan aka fara shi a 1863, da injina masu ƙona kwal, hayaƙi yana turnuƙe fasinjoji cikin rami, sai a 1890 aka buɗe layi mai aiki da lantarki. Na Faris ya zo a 1900, na Alƙahira kuwa a 1987, kuma shi ne na farko a Afirka.

Hajiya daga Njamena: Malam, Allah ya ƙara ilimi. A ganina lantarki ne babban cikas, domin jirgin da iskar ramin da famfunan kwashe ruwa duk da wuta suke aiki, kuma wanda ya ga yadda kogin Shari ke shiga unguwanni da damina ba zai yi garajen haƙa rami ba.

Baƙon Kusuri: Akwai kuma batun kuɗi. Aljiyas, babban birnin Aljeriya, ta soma aikin nata jirgin tun shekarun 1980, amma sai 2011 aka ɗauki fasinja.