Katin Magic mai ƙyalli ya faɗi a kasuwa: wanne za a saya, wanne za a bari?

Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa damin katina na wasan Magic: The Gathering, na salon Commander mai kati 100 da ɗaya a matsayin shugaba, ina duba farashi a kasuwar intanet ta Cardmarket, sai na ci karo da abin da ya ɗaure min kai. Kati ɗaya, zane ɗaya, fitowa ɗaya, amma mai ƙyalli kuɗinsu ɗaya da marar ƙyalli, wani wurin ma ya fi shi araha. A da na san mai ƙyalli yakan ninka kuɗi. In kwashe su ne tun suna ƙasa? Ku ba ni shawara kafin in tura kuɗi.

Yaya Nura: Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan faɗuwar ba ta kwana biyu ba ce, dalilinta na nan daram. Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga katin, sun fara saka masu ƙyalli cikin fakiti a 1999, a fitowar Urza's Legacy, kuma shekaru kusan 20 sai mutum ya buɗe fakiti da yawa kafin ya ga guda mai daraja. Ƙarancin nan ake biya wa kuɗi. A 2019 aka canza tsari. Daga fitowar Core Set 2020 ta wannan shekarar aka ƙara yawansu, daga kati 1 cikin 67 zuwa 1 cikin 45. Sannan a ƙarshen shekarar aka kawo Collector Booster tare da fitowar Throne of Eldraine, fakiti mai tsada wanda yawancin katunan cikinsa masu ƙyalli ne. Masu shaguna suna farke ɗaruruwansu don neman kati biyu ko uku masu tsadar gaske, ragowar kuma su zube su a kasuwa a kowane farashi don su mayar da uwar kuɗi. Ragowar nan ce kake gani.

Abba: To Yaya, ai ko da sun yi yawa, sun fi kyau a ido. Me zai sa mutum ya biya marar ƙyalli sama da shi?

Bilkisu: Saboda yana kantarewa. Fuskar mai ƙyallin shafe take da wani siririn fallen roba da ƙarfe, bayansa kuwa takarda ce. Takarda tana shan danshi ta kumbura, iska ta bushe ta tsuke, fallen kuma ba ya motsi, sai katin ya lanƙwashe. Ɗora shi a kan tebur ka danna gefe ɗaya da yatsa, za ka ga ɗaya gefen ya ɗaga. A gasa wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan ana iya gane kati ta baya a cikin dami, alƙali zai ɗauke shi a matsayin mai alama, a sa ka sauya shi ko a hukunta ka. Ku tuna katin Nexus of Fate a 2018, da mai ƙyalli kaɗai aka fitar, har sai da alƙalai suka riƙa ba 'yan wasa katin madadi. Shi ya sa mai zuwa gasa yake neman marar ƙyalli guda huɗu, kuma yana shirye ya biya.

Sadiq: Gaskiyar Anti Bilkisu. Nawa a Kuala Lumpur gefunansu ta gaba suke naɗowa saboda laima. Da na je gida Kano cikin hunturu da su a jaka, sai suka juya ta baya, suka yi kamar ɓawon gyaɗa. Marasa ƙyallin da ke akwati ɗaya da su ko gezau.

Malam Habu: Akwai abin da ba a taɓo ba. Mai son ado yanzu ba ya kallon ƙyalli zalla. Kati ɗaya sai ya fito kala huɗu ko biyar: marar iyaka a gefe, mai faɗaɗɗen zane, mai zane na musamman, ga kuma na Secret Lair, bugu na musamman da kamfanin ke sayarwa kai tsaye, da aka fara a Disamban 2019. Mai neman araha ya ɗauki na gama-gari, mai kuɗi ya haura can sama. Mai ƙyalli a tsohon fasali na yau da kullum ya rasa mai so, ba ya nan ba ya can. Ni a ganina shi ne mafi munin abin da za ka saya da niyyar ajiya.

Abba: Malam, ke nan duk masu ƙyalli a bar su?

Malam Habu: A'a, ɗana. Tsofaffin daban suke, waɗanda suka fito kafin a canza fasalin kati a Eighth Edition a 2003, masu 'yar tauraruwa a ƙasa. Dubi na Seventh Edition na 2001, musamman katin Birds of Paradise, ka kwatanta da marar ƙyallinsa, tazarar za ta ba ka mamaki. An buga su kaɗan, kuma ko an sake buga katin, wannan bugun ya wuce. Sai masu lamba a jiki, irin na fitowar The Brothers' War a 2022, kowanne guda 500 kacal. Katin The One Ring mai lamba da aka buga guda 1 tak a 2023, rahotanni sun ce mawaƙi Post Malone bai biya ƙasa da dala miliyan 2 a kansa ba. Amma don Allah kada wannan ya ja ka ga buɗe fakiti kana fatan dacewa. Zuba kuɗi a kan sa'a ne, kuma mun san hukuncin abin da ya yi kama da haka. Sayi katin da kake buƙata ɗaya-ɗaya, ka san abin da ka biya.

Yaya Nura: Na goyi bayan Malam. Ƙari ɗaya: kada ka dogara da farashin da mai sayarwa ya rubuta. A kasuwar intanet ta TCGplayer duba abin da aka sayar a zahiri kwanan nan, a shafin binciken kati na Scryfall kuma za ka ga duk bugun katin jere da kuɗinsu. Idan na dalar Amurka 20 ne zuwa sama, nemi hotonsa ta gefe a kwance a kan tebur.

Bilkisu: Ni dai ina da su kuma ina son su, ba zan ɓoye ba. A Commander tsakanin abokai ba wanda zai kira maka alƙali. In shugaban daminka ne, saye shi mai ƙyalli ka more, tunda a fili yake zama, ba a cakuɗa shi. Ka kuma duba irin masu ƙyallin sassaƙe da aka fara a Commander Legends a 2020, sun fi zama a miƙe. Sauran ka sa musu rigar leda biyu, KMC Perfect Fit a ciki, Dragon Shield a waje, ka matse su a akwati mai rufuwa.

Sadiq: Wanda ya riga ya kantare, duba ta ina ya lanƙwasa. In laima ce, rufe shi a roba da ƙunshin silika mai tsotse danshi. In bushewa ce, silika ƙara ɓata shi za ta yi, sai ƙunshin Boveda mai riƙe danshi a kashi 62 cikin ɗari. Kada ka kusantar da shi ga dutsen guga.

Abba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki 99 marasa ƙyalli, shugaban kaɗai mai ƙyalli. Sadiq, kwana nawa kake barinsa a cikin robar?

Sadiq: Riƙa dubawa kullum da safe. Da ya kwanta ka cire shi ka sa masa riga nan take, in ka bar shi zai juya ɗaya gefen.