Muzurun gidanmu ya addabe mu, fiɗiya za a yi masa ko a kai shi nesa?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema kafin Juma'a. Muna wani ƙauye ne ta wajen Gaya, akwai muzurun da na raina tun yana ɗan mitsitsi, yanzu ya kai wata 10, kuma wallahi tun da ya taso ɓera ya daina mana ɓarna a ɗakin hatsi. To kwanan nan ya canza, da daddare ya hau katanga ya yi ta kuka kamar jariri, ya ɓace ya dawo da kunne a yage. Abin da ya fi damuna fitsari, ba tsugunawa yake ba, juya baya yake ya ɗaga jela tana karkarwa ya fesa a jikin buhu, har labulen ɗakina bai bari ba. Ga shi shekaranjiya ya ɗauke wa maƙociyata 'yan tsaki biyu. Maigidan ya ce in zai tafi kasuwar Wudil ran Juma'a zai sa shi a buhu ya sake shi can. Ƙanina kuma ya ce a birni ana musu fiɗiya su natsu. Wanda ya taɓa yi ya gaya min nawa ne, yana daina fitsarin, kuma zai ci gaba da kama ɓera?

Abban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Yunwa ce Hajiya, ki dinga ba ta madara safe da yamma za ki ga ta kwanta.

Ummu Safiyya:
Barbara take nema, tawa ma haka ta yi, tana ɗaukar ciki ta yi shiru. Wata biyu da 'yan kwanaki ta haifo huɗu a bayan randa.

Maman Ilham:
Anti namiji ne fa, muzuru na ce.

Ɗan Autan Ringim:
Hhhh yaro ya balaga kuna cewa a kore shi. Ku nema masa mata kawai, ni ne waliyyi, sadaki kan kifi uku lakadan ba ajalan ba.

Malam Sabo:
Ni aikin dabbobi nake a nan Jigawa, shanu da awaki na fi yi amma na san wannan. Maman Ilham abin da yake yi ba iskanci ba ne kuma ba ciwo ba ne, shaida yake sawa, yana gaya wa sauran muzurai nan gidansa ne, yana kuma sanar da mata. Shi ya sa warin ya fi na fitsarin da yake tonawa ya rufe a ƙasa. Duka ba ya hanawa, sai ma ya ƙara, don in ya tsorata ya fi fesawa. In aka cire masa 'ya'yan maraina mafi yawansu suna dainawa ko su rage sosai, yawon dare da faɗan ma haka, amma ba rana ɗaya ba, sai an yi makonni. Kamun ɓera ba ruwansa da wannan, zai ci gaba. Sai dai ki sani kamun tsakon ma zai ci gaba, wannan maganinsa akurki ne ko a kife su da kwando har su yi wayo. Inda ya fesa ki wanke da omo sosai ki shanya a rana, in yana jin warin zai koma wajen. Abban Khalifa madarar shanu zawo take sa da yawansu in sun girma, gara kan kifi ko kayan cikin kaza.

Hajiya Turai:
A Kano aka yi wa namu bara, dubu 8 har da allura.

Sani Mai Shago:
Dubu 8 a ina Hajiya? Ni dubu 25 aka ce min, na ce akuyar da zan saya da kuɗin ta fi min.

Hajiya Turai:
To kai wajen masu kyanwoyin gayu ka je, masu gashi buzu-buzu. Na gwamnati za ka je.

Ɗan Autan Ringim:
Ku haɗa da kuɗin mota da na buhun da zai yaga a hanya.

Kawu Idi:
Ni dai duk wanda ya ce min kyanwa sai raina ya ɓaci. Yarinya ki ji da kyau, ba fitsarin ne matsalarki ba, 'yan tsakin nan biyu su ne matsalarki. Ina da wata mage fara da baƙi, shekara shida tana gidana, wake buhu goma nake ajiyewa ba ko huda ɗaya. Ta ɗauki tsako guda na maƙocina, guda ɗaya tal, na je har zaurensa na ba shi haƙuri na ce nawa ne, ya ce haba Malam Idi ai ba komai, ashe ta ciki na ciki. Ba a yi sati ba ya sa shinkafar ɓera a cikin kifi ya ajiye a gindin katangar da take bi. Tana shayar da 'ya'ya uku ko ido ba su gama buɗewa ba. Da asuba na fito alwala na tarar da ita a bakin rijiya tana kumfa tana shure-shure, yarana suna kuka, uwargida ta ɗura mata manja ta ɗura mata nono duk a banza. 'Ya'yan muka yi ta ba su madara da sirinji, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta. Na kai ƙara wajen mai unguwa sai ya yi dariya wai Malam Idi da girmanka a kan mage. Wannan shekarar wake na buhu biyu ɓera ya lalata, har takardar gonata ya ci a cikin akwati. Mutumin nan har yau sahu ɗaya muke sallah, in ya miƙo hannu ina karɓa don Allah ya ce, amma shi ke nan.

Ummu Safiyya:
Innalillahi. Kawu Allah ya saka maka. Ai mutane ba sa tsoron hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba.

Abban Khalifa:
Amma Kawu ka gan shi da idonka ya sa? Don wani lokacin ɓeran da ya ci guba ita kuma ta cinye shi.

Kawu Idi:
Ɗansa ne ya gaya wa ɗana a makarantar allo. Kai kuma da ka ce a ba muzuru madara ka bari manya su yi magana.

Sani Mai Shago:
Duk ku bar wahalar nan. Akwai dattijon da yake dandaƙar bunsuru a garinmu, ɗari biyar zai karɓa, ya sa kan muzurun a cikin buhu minti biyu an gama. Tun kakanni haka ake yi.

Malam Sabo:
Sani don girman Allah kar ka koya wa mutane wannan. Kyanwa ba bunsuru ba ce, sai an yi mata allurar barci, kuma a san nauyinta kafin a yi. Roba ma da ake ɗaura wa awaki ba a sa mata. Sannan kowa ya ji, ko ciwo take kar a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, jikinta ba ya iya sarrafa shi.

Sani Mai Shago:
Malam Sabo kai da bakinka ka ce shanu kake yi. Muzuru nawa ka taɓa yi wa? Dattijon nan tun ba a haife ka ba yake wannan aikin.

Malam Sabo:
Waɗanda suka mutu a hannunsa wa ya ƙirga?

Ustaz Nura:
Kafin a yi gardamar wa ya iya, an tambayi malamai ko ya halatta? Akwai saɓani a kan fiɗiyar dabbar da ba a ci, wasu sun yarda in don kawar da cuta ne. A tambayi limamin gari. Amma kai shi kasuwa a yar ma ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Turai:
Kuma dawowa suke. Surukina ya kai tasa bayan gari a babur, da sassafe ya buɗe ƙofa ya gan ta a kan tabarmarsa tana lasar hannu.

Ɗan Autan Ringim:
Wannan kam ba kyanwa ba ce Hajiya, a tofa mata Ayatul Kursiyyu.

Kawu Idi:
Ni abin da yake ƙona min rai masu sayar da gubar nan. Kowace kasuwa ka shiga ga su da lasifika, a ƙulle a leda ba suna ba komai, yaro ɗan shekara bakwai zai miƙa naira ɗari a ba shi. Wa yake duba su?

Ummu Safiyya:
Wallahi Kawu. A unguwarmu kaji tara suka mutu rana ɗaya, an zuba wa ɓera a dawa an bari a tsakar gida.

Abban Khalifa:
To su ma masu kajin su killace mana. Kaza ta shigo ta tone maka shanya ba a magana, akuya ta cinye maka zogale a ce ai dabba ce, amma mage ta ɗau tsako ɗaya sai a tara mutane.

Sani Mai Shago:
Yauwa yanzu ka yi magana. Ni tumakin wani suka shiga min lambun albasa a rani, fadama guda, mai gari ya ce a yafe ai 'yan uwa ne. Da rago na ya shiga gonarsa dubu 15 aka yanka min, har da kuɗin igiya.

Kawu Idi:
Kai dubu 15 ma an raga maka. Ni jakina ko cikin gonar bai shiga ba, a kan iyaka aka kama shi.