Naman daji da fatu a jakar tafiya: abinda majalisa ta ce

Jiya a majalisarmu ta Wuse wani abokinmu ya tambaya ko zai iya tafiya Ingila da busasshen naman barewa da fatar mesa, tsaraba wai. Kai, hira ta yi tsawo. Ga abinda na tsinta.

Nama dai kowa ya ce masa ya haƙura, Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ba, ko kilishi ne balle na daji, Amurka ma ta haramta naman daji daga Afirka saboda cututtuka irin su Ebola, kuma ƙyafewa ko shanyawa ba ya sa a bar ka ka wuce.

Fata da ƙaho kuma maganar yarjejeniyar CITES ce, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, wadda ta fara aiki a 1975. Sai ka samu famit daga ma'aikatar muhalli ta tarayya tun kafin ka nufi filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ka kuma bincika sharaɗin ƙasar da za ka. Hauren giwa da fatar damisa? Ka ma manta, kamu ne kawai.

Wani dattijo ya ƙara da cewa in kwastam sun tambaye ka, faɗi gaskiya, gara su ƙwace kayan da su gano da kansu. Ni dai na ce ya sai hula Zanna.