Da wane suna za mu kira "levels" na R: matakai ko gurabe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta lambobin kwamfuta. Ina neman ra'ayinku a kan wata kalma da ta tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ina koya wa wasu yara uku R, yaren kwamfuta na aikin ƙididdiga, a nan Garwa ta Kamaru, da yamma bayan la'asar. Littattafansu na Faransanci ne, umarnin kwamfuta na Turanci, bayani kuma da Hausa muke yi, wani lokaci da Fulatanci. Na ba su alƙaluman ruwan sama na wata-wata su zana da ggplot2, kayan zane na R. Ƙaramarsu ta juyo mini da kwamfutar ta ce, "Malam, damina ta watse." Na leƙa, sai ga Afirilu a farko, Agusta na biye, Disamba na uku, Yuni can a ƙarshe. Tudun da kowa ya sani, wanda yake tasowa daga Mayu ya kai ƙoli wajen Agusta ya sauka a Oktoba, babu shi sam.

Ba laifinta ba ne. Idan ka ba R sunaye ba ka faɗa masa wa ke gaba ba, da abacada yake jera su.

Kalmomin farko ba su wahalar da mu ba. Abin da Faransawa ke kira diagramme en bâtons mun ce masa zanen sanduna. Tsohon abu ne, tun 1786 William Playfair ya zana cinikin Sikotlan da shi. Kowace sanda tana wakiltar rukuni guda. Yadda suka bi juna kuma shi ne jeri. Wani ya kawo "tsari", amma tsari ya yi faɗi, har launi da girman rubutu duk tsari ne.

Inda muka cije shi ne maganin matsalar. Ana rubuta factor(wata, levels = c("Janairu", "Fabrairu", "Maris")) har zuwa Disamba, sai sanduna su bi yadda ka lissafa. To mene ne levels ɗin nan da Hausa?

Wani yayanmu da ke aikin ƙididdiga a Njamena ya ce matakai, tunda Faransanci ma niveaux ya ce. Yaya, a gafarce ni, ban gamsu ba. Mataki na tsani ne, dole wani ya hau kan wani. Ya dace da ajin makaranta, ko "kaɗan, matsakaici, da yawa". Amma idan rukunanka Marwa da Garwa da Ngaundere ne, wanne ne a sama? Yaro zai ɗauka akwai fifiko, alhali wurin tsayuwa kawai aka ba kowa.

Ni gurbi na zaɓa, jam'insa gurabe. Gurbi wuri ne da aka tanadar wa wani, kuma yana nan ko mai shi bai zo ba. Wannan shi ne ainihin halin abin. A Garwa ba a ruwa a Disamba da Janairu. Idan wanda ya tattara alƙaluman bai rubuta watannin ba kwata-kwata, ggplot2 zai tsallake su, zanen ya nuna kamar babu rani. Amma idan ka lissafa su a levels, ka ƙara scale_x_discrete(drop = FALSE), za su tsaya a wurinsu ba sanda. Na ce wa yaran, "Ku bar wa Janairu gurbinsa," nan take suka gane. Da "mataki" na ce, sai na ƙara dogon bayani.

Kalmar tana tafiya a yaren Python ma: categories na pd.Categorical gurabe ne, order na seaborn (kayan zane na Python) kuma jerin gurabe. Idan so kake babbar sanda ta zo farko, kamar a zanen audugar da kowane gari ya noma, a R fct_reorder na forcats, tare da .desc = TRUE, yana sake jerin gurabe bisa yawa.

Matakai kuwa ban yar da ita ba. Na ajiye ta ga inda aka rubuta ordered = TRUE, wato inda fifikon na gaske ne.

Yarinyar ta sake zanen jiya, ta sa wa fayil ɗin suna guraben_watanni. 'Yan'uwa na Kano da Zinder, idan akwai wata kalmar da malamanku suka riga suka saba da ita, ku kawo ta kafin yaran nan su rubuta tamu a littafinsu.